Fim Ɗin da Isiya Bai Mutu Ba

A gidanmu na ƙauye, can gaba da Tafoki, tatsuniya ba ta farawa sai Iya ta gama da wuta. Bayan sallar isha'i za ta jawo 'yar kujerarta gaban murhu, ta tattara guntayen icen da suka rage daga girkin tuwo, ta turbuɗa gyaɗa ko dankali cikin toka mai zafi, sannan ta goge hannuwanta a zani. Da mun ga ta goge hannu, mun san lokaci ya yi. Ni da yayana Isiya muke fara zama, 'ya'yan maƙwabta su biyo baya da tsummokaran tabarmi, kowa yana turereniyar neman gefen da hayaƙi ba ya bi.

Iya kakarmu ce, mahaifiyar Baba. Ita ta raine mu, domin mahaifiyarmu ta rasu ina goye, Isiya kuma ko zuwa gona bai fara ba. An haife ta a gidan maharba wajen Damari, cikin Maguzawa, ta musulunta lokacin da aka kawo ta gidan kakanmu. Tatsuniyoyin gidansu ta taho da su, shi ya sa ba su yi kama da na sauran tsofaffin unguwa ba. Nata duk daji ne: ɓauna, maharba, rijiyoyin da ba a leƙawa, matafiya masu neman ruwa da tsakar rana. Ko buɗewarta daban take. Ita cewa take yi, "Ga wata can ta taso," mu kuma mu haɗa baki mu ce, "Ta ƙaraso mu gan ta."

Abin da ya fi komai daɗi a wurin Iya shi ne muryoyinta. Kurciya tana da siririyar murya, kura tana magana ta hanci, amarya tana raɗa kamar mai ciwon haƙori. Akwai kuma wata murya guda da take fitowa daga can cikin ƙirjinta, mai kauri, mai tafiya a hankali, wadda in ta yi ta sai ka ji tsikar jikinka ta tashi. Mu yara muna ce mata babbar murya. Iya ba ta ba kowa ita sai wanda labarin ya rataya a wuyansa.

Isiya ne ya fara gano haka. Shi tun yana ƙarami kunne gare shi kamar me. Wata rana Iya tana ba mu labarin 'yan mata a bakin rijiya, sai ga wani tsoho mai tallan igiya ya zo wucewa, ya ce su sam masa ruwa. Maganar ba ta fi wannan ba, amma da babbar murya ta fito. Isiya ya yi zumbur ya miƙe.

"Na gane! Tsohon nan ba mutum ba ne, shi ne dodon rijiyar!"

Iya ta dube shi ta gefen ido. "Wa ya gaya maka?"

"Muryar mana. Ai ba kya ɓata ta a kan mai tallan igiya."

Ta ɗauki ɓawon gyaɗa ta jefe shi da shi. "Kai yaron ga, ka cika azarɓaɓi. Zauna ka bar mutane su ji."

Daga ranar ya samu sana'a. Ko wace tatsuniya aka fara, yana zaune ya kasa kunne, jira kawai yake babbar murya ta fito ya yi ihu. Yaran maƙwabta har dukansa suka taɓa yi a kan haka. Ni kuwa haushi biyu nake ji: na ɓata mana labari da yake yi, da na cewa kullum gaskiyarsa ce.

Ana nan wani mai shago ya buɗe gidan kallo a bakin kasuwar ƙauyenmu, da talabijin da bidiyo da ƙaramin janareta mai tari. Mu mata ba a barinmu zuwa, amma Isiya ko ta katanga sai ya shiga. In ya dawo ya kwashe fim ɗin kaf ya yi mana a tsakar gida, shi ne jarumi, shi ne uwar jarumi, shi ne motar da ta kaɗe shi. Wata rana ya dawo yana ta dariya tun daga zaure, ya zube gaban murhu ya ce, "Iya, ashe 'yan fim ma irin kuskurenki suke yi."

"Wane kuskure gare ni?"

Ya ce a fim ɗin yau an sace yaro a gidan wani attajiri, ana ta neman ɓarawo. Tun farkon fim aka nuna mai gadin gidan ya buɗe ƙofa ya rufe, bai ce komai ba. To amma wanda ya fito a mai gadin babban ɗan wasa ne, wanda hotonsa yake manne a kowane shagon aski. Yana bayyana gidan kallo ya ɗauki sowa, kowa yana cewa shi ne, shi ne. "Wa zai ɗauko mutum kamar wannan don ya buɗe ƙofa kawai? Tun ba a je ko'ina ba mun san ƙarshe. Kamar dai babbar muryarki."

Iya ba ta jefe shi da komai ba ranar. Ta tona toka, ta fito da gyaɗa ta raba mana. Can ta goge hannu ta ce, "Ga wata can ta taso."

Labarin wata mata ne mai suna Kande, matar wani ƙaramin maharbi, suna da 'ya'ya biyu, mace da namiji. Maharban garin suka shiga daji farautar ɓauna, mijinta yana cikinsu. Kande tana gida tana jira. Ran nan da sassafe, ko tsintsiya ba ta ɗauka ba, ta ji sallama a ƙofa. Ta leƙa, sai ga Sarkin Baka da kansa, shugaban maharban ƙasar duka, mutumin da ake kiɗa masa taken kansa, tsaye da ɗan tsingaro a hannu. Nan Iya ta sauke murya can ƙasa, ta yi maganarsa: "Kande, wutarmu ta mutu. Na zo ki ɗan sam mani."

"Mijin ya mutu!" in ji Isiya. "Sarkin Baka guda, da matansa da yaransa, shi zai zo ɗibar wuta? Ɓauna ta kashe mijin, ya zo faɗa mata ne."

"Haka ne," in ji Iya. Ba ta ko ɗaga kai ba. "Ka sani, na sani. Kande ma ta sani tun da ta ga ƙafarshi a ƙofa. To yanzu da kowa ya sani, ka bari mu ga mi ta yi."

Kande ta shimfiɗa masa tabarma. Ta ce ita ma tata wutar ta yi sanyi, ya dakata ta hura. Ta durƙusa tana hurawa a hankali kamar mai tsoron kada ta kama. Da ta kama, ta ɗora tukunya ta dama kunu, ta zuba masa a ƙwarya mai kyau. Ya buɗe baki zai yi magana, ta ce, "Sarki, sha kunu tukuna." Ta tashi yaranta, ta yi musu wanka, ta shafa musu mai, ta zaunar da su suka ci suka ƙoshi. Ya sake gyara murya, ta ce, "Sarki, bari in gama da kan yarinyar ga." Ta zauna ta tsefe kan ɗiyarta, ta yi mata kitso ƙanana ƙanana, irin wanda ake yi ranar salla, tana yi tana yi mata waƙa. Sarkin Baka yana zaune, kansa a ƙasa, kunu ya huce a gabansa. Ta kwashe rigar mijinta daga kan danga inda ta shanya, ta kakkaɓe, ta ninke, ta kai ɗaki. Ta share tsakar gida. Sai da rana ta ɗaga, ta ce wa yaran su tafi gidan gwaggonsu su yi wasa, ta tsaya tana kallonsu har suka sha kwana. Sannan ta ɗauki tsingaron, ta zuba masa garwashi, ta ajiye a gabansa, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu, ta ce, "To, Sarki. Yanzu faɗi."

Iya ta tura wani guntun ice cikin wuta. "Nan ta tsaya."

"A'a, Iya, me ya ce mata?" in ji Isiya.

"Ai ka ce ka sani."

Ba wanda ya yi dariya. Da muka tashi, na ga gyaɗar Isiya tana nan a kan tabarma bai taɓa ba. Bai daina gano ƙarshen labari ba bayan wannan, kunnensa ba zai bar shi ba, amma ya daina ihu. Sai dai ya ɗan taɓa ni da gwiwar hannu, ni kaɗai.

Da ya girma, kowa ya san gona ba za ta riƙe shi ba. Yana kwaikwayon liman, yana kwaikwayon mai unguwa, yana kwaikwayon Baba in yana faɗa da jaki, har Baban da kansa ya juya baya yana dariya. Ranar da ya ce zai tafi Kano neman shiga fim, Baba ya yi kwana da kwanaki ba ya amsa gaisuwarsa. Iya ce ta shiga tsakani. Ta ce, "Ni na ɓata shi da muryoyi, ka bar mani shi." Ta daka masa dakuwa, ta ƙulle a leda, ta raka shi har bakin hanya.

Ya sha wuya kafin a san da shi. Ya riƙe fitila, ya ɗauki jakunkunan 'yan wasa, ya kwana a shagon wani tela. Fitowarsa ta farko, direba ne da 'yan fashi suka harbe tun fim bai yi nisa ba. Amma yadda ya faɗi, yadda ya riƙe hannun mai gidansa yana neman ya faɗi wata magana ta ƙi fita, ya sa mutane suka yi ta zancensa. Isiya yana da manyan idanu da fuskar tausayi, irin wadda in ka gani sai ka ji kamar ɗan'uwanka ne. Masu shirya fim suka gane haka. Fim na gaba ya fito a ƙanen jarumi, ciwo ya kashe shi. Na gaba, aboki ne, aka sa masa guba. Na gaba, ango ne, mota ta kife da shi ranar ɗaurin aure. Sunansa ya fito, hotonsa ya hau fasta, amma bai taɓa kai ƙarshen fim da rai ba.

A gidajen kallo na Faskari da Kankara, da ya bayyana sai a ɗauki ihu, "Ga Isiya nan, a je a fara haƙa!" Suka laƙaba masa suna Marigayi. In ya zo gida da salla, samari su bi shi a kasuwa, "Marigayi, a ɗauke mu hoto!" Shi kuma ya tsaya yana dariya, ya rungume su.

Lokacin an yi mini aure a Kankara, mijina Malam Lawal yana koyarwa a makarantar firamare. A ɗakina Iya ta fara ganin Isiya a talabijin, wani zuwa da ta yi duba ni bayan na haihu. Da ta gan shi ta tafa hannu, ta matsa har tana neman taɓa gilashin. Da aka zo inda ya faɗi yana shure-shure, ta yi salati da ƙarfi, ta juya wa talabijin baya. Ranar ko tuwo ba ta ci ba.

Da ya zo salla ta gaba ta sa shi gaba. Ina wurin, ina tsince shinkafa.

"Su mutanen ga ba su da wani aiki da za su ba ka sai mutuwa?"

"Iya, wasa ne fa. Ana cewa an gama nake tashi in kakkaɓe riga, har abinci ake ba ni."

"Na san wasa ne, ba yarinya ce ni ba. Sunan ga da ake kiranka da shi ne ba ni so. Ni na yi maka wanka kana jariri, ban ba kowa izinin ya kira ka marigayi ina raye ba."

Ya ɗan yi wasa da zoben hannunsa. Sannan ya ce shi ma abin ya ishe shi, ba don sunan ba. Ya ce da can in ya mutu a fim mutane kuka suke yi, yanzu kuwa dariya suke, domin tun daga fasta sun san abin da zai faru. Fuskarsa kaɗai ta isa ta tona asirin labari. "Na zama babbar muryarki, Iya. Da na buɗe baki an gane."

"To ka ce masu su bar ka da rai sau ɗaya. Ka ce kakarka ce ta roƙa."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ita ba ta yi ba.

Shekarun da suka biyo baya ba sai na ba kowa labarinsu ba a ƙasarmu. 'Yan bindiga suka hana noma, suka hana barci. Baba ya rasu da ciwon zuciya bayan an kore masa shanu, ƙauyenmu ya watse, gidan kallo ya zama kango. Muka ɗauko Iya ta dawo wurina a Kankara, muka ba ta ɗakin da ke kusa da madafa. Ta tsufa ƙwarai, idonta ya rage, amma in an matso da abu kusa tana gani. 'Ya'yana sukan roƙe ta tatsuniya, ta fara, sai ta tsaya a tsakiya ta ce numfashinta ba ya kai babbar murya.

Wata ranar Laraba da hantsi Isiya ya kira ni, muryarsa kamar ta yaron da aka saya wa sabon takalmi. Ya ce wani matashin darakta ya zo masa da shawara. Tunda duk duniya ta san in an ga Isiya mutuwa zai yi, to za su yi fim a kan wannan sanin. Labarin 'yan'uwa ne masu rigimar gonar gado. Za a yi ta kai shi bakin mutuwa ana dawo da shi, masu kallo suna jira, suna cewa yanzu ne, yanzu ne. Waɗanda ba a zata ba su za su tafi. Shi kuwa a ƙarshe ya koma gida wurin tsohuwar uwarsa, lafiya lau.

"Saude, ki rantse ba za ki gaya wa Iya ba. So nake in zauna kusa da ita in ga fuskarta."

Na ce na yi alkawari.

Sun gama ɗauka ana cikin girbin masara. Ya ce kafin a gama haɗa fim ɗin zai zo ya huta, ya ci sabuwar gyaɗa. Ranar da zai zo na dafa wake da shinkafa saboda shi. Saura kaɗan motarsu ta iso Kankara, 'yan bindiga suka tare hanya, direba ya ƙi tsayawa, suka buɗe wa motar wuta. Isiya yana gidan gaba.

Mijina Malam aka fara kira a waya. Shi mutum ne mai kunyar surukai, tunda Iya ta zo gidan bai taɓa wuce bakin ƙofarta ba, daga waje yake durƙusawa ya gaishe ta. Ranar ya dawo daga makaranta tun ba a tashi ba, ya wuce ni a tsakar gida bai dube ni ba, ya cire takalmi, ya ɗaga labulen Iya ya shiga. Na saki ludayin da ke hannuna na bi shi.

Iya ba ta yi irin na Kande ba. Ba ta ba shi tabarma ba, ba ta ce ya sha ruwa ba. Tana ganin ƙafarsa a cikin ɗakinta ta dafa bango ta ce, "Isiya ne ko?" Malam ya sunkuyar da kai. Ta yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta daga bakinta ba, cikin duk muryoyin da na san tana da su, ta sulale ƙasa. Aka yi masa sutura a ranar, aka kai shi bayan la'asar. Mutanen da suka zo gaisuwa suna ta cewa marigayi kaza, marigayi kaza, wasu samarin in sun faɗa sai su kama bakinsu.

Bayan wannan Iya ta daina magana sai da dalili. Abinci sai na zauna na matsa mata, ta yi loma biyu ta ture. Tana zaune a bakin gado, carbi a hannu, ba ta ko jansa.

Da rani daraktan ya kira ni. Ya yi mini gaisuwa yana kuka, ya ce fim ya fito, zai turo wa Malam a waya. Na ce ya turo, amma a raina na ƙudura ba mai nuna wa Iya. Sai dai gida mai yara ba ya riƙe magana. Ta ji suna raɗa a ƙofar madafa cewa fim ɗin Kawu Isiya ya zo. Da na kai mata kunu ta riƙe mini zani.

"A sa mani in gani."

"Iya, ki bari sai kin ƙara jin ƙarfi."

"Ƙarfin mi nake jira? Na gan shi cikin likkafani, mi ya rage da za su nuna mani?"

Da yamma aka kawo wuta, Malam ya haɗa wayar da talabijin. Muka zaunar da Iya a kan katifa dab da gilashin, na zauna a gefenta, inda shi ya so ya zauna. Kafin fim ya fara suka sa hotonsa yana murmushi, da addu'a a ƙasa. Ita ba ta iya karatun boko ba, sai ta ce, "Ya yi ƙiba a nan."

Ban taɓa shan wahalar kallo irin ta ranar ba. Ga Isiya yana tafiya, yana dariya, yana sosa ƙeya yadda yake yi in zai yi ƙarya. Aka zo inda ɗan'uwansa ya laɓe da adda a bayan rumbu. Iya ta damƙe wuyan hannuna, farcenta yana shiga fatata. Addar ta sauka a kan wani. Aka zo inda aka zuba magani a furarsa, ya ɗauki kwanon har ya kai baki, aka kira shi a waje. Iya tana ta salati ƙasa ƙasa, gumi yana bin wuyanta. Na ji ba zan iya ba. Alkawarin da na yi wa wanda ya riga ya tafi, ga kuma tsohuwa tana shan azaba a gabana. Na kai bakina kunnenta na ce, "Iya, bari in gaya miki, a wannan fim ɗin..."

"Yi mani shiru," in ji ta, idonta yana kan gilashin. "Ke ma kin koyi halin nashi?"

Na janye bakina. Muka bi shi har ƙarshe. Rigima ta cinye waɗanda ta cinye, aka raba gona, aka yafi juna. Sai ga Isiya a kan wata siririyar hanya tsakanin gonaki, jaka a kafaɗa, rana tana faɗuwa. Ya yi sallama a wani gida na kara, wata tsohuwa ta fito ta karɓi jakar. Ya zauna a tabarma, ya wanke hannu, ta ajiye masa tuwo da miyar kuka, ya gutsura ya kai baki. Hoton ya tsaya a nan, rubutu ya fara hawa.

Iya ta jira. Ta ƙara jira. Sannan ta juyo gare ni.

"Ya ƙare?"

"Ya ƙare, Iya."

"Ba su kashe shi ba?"

"Ba su kashe shi ba."

Ta saki hannuna. Sai ta yi dariya, 'yar ƙaramar dariya mai tari a ciki, irin wadda rabona da ji tun muna ƙauye. "Ja'iri," in ji ta. "Ashe ya gaya masu." Daga nan dariyar ta juye kuka, muka rungume juna muka yi ta yi, Malam ya kwashe yara ya fita da su. Da muka natsu ta share fuska da gefen mayafi, ta tambaye ni ko akwai sauran tuwo.

An yaba fim ɗin ƙwarai, na ji. Masu sharhi a rediyo suna cewa an yi wa masu kallo wayo, an yi amfani da fuskar da suka sani aka ruɗe su. Ni ban san wannan daɗin ba, kuma ba na jin wani a Kankara ko Faskari ya san shi. Duk wanda ya zauna kallon fim ɗin a ƙasarmu ya san inda motar ta tsaya. Mun shiga da ƙarshe biyu a hannu, na fim da na Allah, kuma sanin bai rage komai ba. Da ina yarinya na ɗauka daɗin labari shi ne a ɓoye maka ƙarshe. Yanzu da na binne uba da wa, na ga yawancin abin da ke zuwa mana muna hango shi tun daga nesa, a fuskar likita, a yadda waya take ƙara a lokacin da ba a saba ba. Abin da ya rage wa mutum shi ne ɗan tsakanin nan, da abin da zai yi da shi. Wani ya samu ƙarfin yi wa ɗiyarsa kitso, wani ƙafarsa ta kasa ɗaukarsa. Ban ga laifin ko ɗaya ba.

Iya ta ƙara damina ɗaya tare da mu. Ba ta sake neman a sa mata fim ɗin daga farko ba, ta ce rigimar gonar ba ta dame ta ba. Ƙarshen kawai take so. Kullum bayan magariba, in na kai mata abinci, sai babbar 'yata ta kawo wayar babanta, ta nemo wurin, ta jingina ta da kwanon sha a gabanta. Iya ba ta sa hannu a tuwonta sai ya bayyana a kan hanyar nan da jakarsa. Ta bi shi da ido har ya yi sallama, ta amsa masa a fili. In ya zauna ya wanke hannu, ita ma ta wanke nata.

"Sannu da hanya, Isiya," takan ce. "Ci a hankali, ba mai korarka."